ƘARARRAWA A ƊAKIN UMMA

Shafi na 9

Masu bina da saƙo tun safe wai na bar ku tsaye a ƙofar gida, to bismillah, ku shigo daga ciki. Amma masu zagin Yaya, kowa ya riƙe bakinsa tukuna.

*

Sista ko jakarta ba ta ajiye ba.

Wata biyar rabonta da gidan iyayenta, aikin asibiti ya riƙe ta a wani gari. Yau kuma ta taho ba ta gaya wa kowa ba, don muryar Umma a waya ta daina kwanta mata a rai. Tana shiga korido ta ci karo da tsani. A samansa wani dattijo ne mai furfura a gemu, fensir maƙale a kunne, yana ɗaura wani farin abu mai kama da murfin kwano a jikin silin.

Gidan kuwa sai warin sabon fenti yake.

"Sista? Ke ce da rana tsaka haka?"

Yayanta ne ya fito daga ɗakin Umma rungume da kwali. Sai da ya gama kallonta sannan ya tuna ya kamata ya yi murmushi.

"Ni ce. Ko in koma?"

"Haba dai. Da kin kira ai da an je an ɗauko ki."

"Ƙafata ƙalau take. Me ake yi a nan?"

"Ba komai. Ɗan gyara ne."

Ta ɗaga kai. Wata 'yar jar fitila a jikin abin ta ƙyafta, ta ɗauke, can ta sake ƙyaftawa.

"Yaya, kyamara ka sa wa iyayenmu?"

Dattijon ya tuntsire da dariya har tsanin ya girgiza.

"Injiniya, don Allah yi mata bayani," in ji Yaya. "Ni ba ta taɓa yarda da maganata ba tun tana rarrafe."

Injiniya ya murɗe abin ya sauko da shi, ya buɗe bayansa a tafin hannunsa.

"Duba nan, 'yata. Ga batir, ga ramukan da hayaƙi ke shiga, ga abin kuka. Ba ta da ido, ba ta da kunne. Hanci kawai gare ta, sai baki. Ta shaƙi hayaƙi, ta kwarma ihu, shi ke nan aikinta."

"Fitilar fa?"

"Numfashinta ke nan. Tana gaya miki tana raye."

Sista ta juya abin a hannunta. Gaskiya ne, ba ido. Amma hankalinta bai kwanta ba.

"Shekara talatin da huɗu muna gidan nan ba hanci a silin. Me ya faru yanzu?"

"Rigakafi ya fi magani. Ke ce ma'aikaciyar lafiya, ke ya kamata ki gaya min."

"Wanda maciji bai sara ba ba ya gudun tsumma, Yaya."

Ya shiga gyara kwalin da ba abin da ya same shi.

Ta wuce falo. Umma na zaune a kujerarta ta kullum, cikin wani dogon hijabi har ƙasa, fanka na juyawa a kanta amma goshinta duk gumi. Umman da in Sista ta dawo sai ta taso da gudu ta rungume ta har su kusa faɗuwa, yau daga zaune ta yi mata oyoyo.

"Autata. Kin sha hanya."

"Umma, hijabi a cikin gida, a zafin nan?"

"Sanyi nake ɗan ji."

"Ga gumi a goshinki."

"Ke dai da bin ƙwaƙƙwafi. Zauna ki huta."

"Abba fa?"

"Ya ɗan fita."

Sista ta durƙusa ta miƙa hannu za ta kama na Umma. Umma ta ba ta na hagu, shi ma ta ƙarƙashin hijabi.

Daga korido muryar Injiniya ta taso.

"Alhaji, a nan fa ba za mu daidaita ba."

Sista ta miƙe ta bi su. Suna tsaye a ƙofar kicin, Yaya na nuna silin daidai saman murhun gas.

"Nan nake so. A kan wutar kanta."

"In na sa ta nan, ko albasa aka soya sai ta tara muku maƙwabta. Kwana uku za ku gaji ku cire batir, daga nan ta zama ado. Na ga irin haka ya fi a ƙirga." Ya auna ƙasa da ƙafarsa har ya fito waje. "Nan. Kamar taku goma daga murhu, ta wajen ƙofa. Kuma ba kusa da banɗaki ba, tururin ruwan zafi ma ruɗa ta yake."

"To, yi yadda ka gani."

"Guda nawa suka rage?"

"Uku. Ɗaya falo, biyu ɗakin Umma."

Injiniya ya zare fensirin daga kunne ya sosa gemu da shi.

"Biyu a ɗaki ɗaya? Ɗakin maigidan fa? Ka'idar ita ce duk inda mutum ke kwana a sa ɗaya."

"Abba ba ya buƙata. Shi ƙwaƙwalwarsa garau take."

Kalmar na fita ya so ya haɗiye ta, amma ta riga ta fita.

"Ƙwaƙwalwar wa ce ba garau ba?" in ji Sista.

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

"Sista, ki bar mutum ya yi aikinsa mana."

Ya ɗauki tsanin da kansa ya yi gaba. Ta bi bayansa taku da taku.

A bakin ɗakin Umma ta tsaya cak. Ɗakin da ta tashi a ciki ne, amma kamar na baƙi. Labule sabo. Katifa sabuwa, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Tsohon kafet ɗin nan mai ruwan ƙasa da Umma ta hana a taɓa shekara da shekaru, babu shi, sai siminti.

"Ina kafet ɗin?"

"Ya tsufa."

"Katifar ma ta tsufa?"

"Bayanta ke ciwo."

"Labulen ma bayansa ke ciwo?"

Injiniya ya yi tari, ya kafa tsani.

"Can nake so," in ji Yaya da sauri, yana nuna kusurwar da ke saman gado. "Daidai kanta."

"Kusurwa matacciyar iska ce, Alhaji. Hayaƙi sama yake hawa ya bazu, kusurwa ce ƙarshen inda yake isa. Kafin ta ji ƙaurinsa ɗaki ya cika. Tsakiya ake so, nesa da bango, nesa da taga, kuma ba a bakin fanka ba, don fanka kore hayaƙin take." Ya hau, ya ɗiga alama da fensir. "Nan ya yi."

Ya kunna injin huda. Ƙarar ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba, bakin injin ya lume gaba ɗaya kamar an soka shi a burodi.

Gari ya zubo masa a fuska da riga, baƙi ƙirin.

Injiniya ya kashe injin. Ya murtsuke garin tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Sannan ya ƙwanƙwasa silin ɗin da bayan sukurdireba, a nan, da can, da can gaba.

"Alhaji, wannan silin ba zai riƙe ƙusa ba."

"Saboda me?"

Dattijon ya dubi Yaya, ya dubi Sista, kamar mai neman wanda zai ba shi izini.

"Ya dahu. Fenti kawai aka shafa masa."



Sista ta sauke jakarta a hankali a kan sabuwar katifar.

"Yaushe?"

"Sista..."

"Yaushe aka yi gobara a ɗakin uwata ba a gaya min ba?"

"Ba gobara ba ce can, 'yar..."

"Umma!"

Ba sai ta je ba. Umma na tsaye a bakin ƙofa, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Sista ta kamo ta ta zaunar a bakin gado, ta ɗaga hijabin.

Hannun dama naɗe yake da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu, naɗin wanda bai iya ba, ya yi tsauri a wuyan hannu ya yi sako-sako a sama.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Mai kemis," in ji Yaya ƙasa-ƙasa.

"Mai kemis. Kuna da ma'aikaciyar jinya a gida, kuka kai ta wa mai kemis."

Ta zuge jakarta ta fito da almakashi da safar hannu. Ta warware bandejin sannu a hankali. Tafin hannun ya ƙone sosai, ya fara warkewa ta gefe, tsakiya har yanzu ɗanye. Ta juya hannun. Ta kamo na hagun ma ta juya.

Ta daɗe tana kallo.

"Ina jin ka, Yaya."

Ya jingina da bango, ya shafa kansa da hannu biyu.

"Sati uku ke nan. Ta jona dutsen guga, ta kifa shi a kan katifa, ta shiga wanka ta manta. Mai shagon ƙofar gida ne ya ga hayaƙi ta taga ya shigo da gudu. Da ya yi jinkirin minti biyar, da yanzu wata maganar ake."

"Ni ce," in ji Umma. "Na manta. Tsufa ne."

"Kuma ba wannan ne farko ba. Ta bar gas a kunne har sau biyu. An tsinci tabaran Abba a cikin firij. Makullin motarsa ma ta ɗauka ta jefar, wata huɗu ke nan ba a gan shi ba, motar na nan a ajiye tana shan ƙura. Na so in kai ta wurin likita tukuna kafin in tayar miki da hankali. Laifina ke nan. Ki zage ni in kina so."

"Ni ce," Umma ta sake cewa. "Duk ni ce."

Sista ta dube ta. Ta yi shekara tara tana jinyar tsofaffi. Ta san masu mantuwa. Musu suke yi, su yi fushi, su rantse ba su ba ne, su ce wani ne ya ɗauke. Ba ta taɓa ganin wanda ke saurin karɓar laifi haka ba, tun kafin a gama karanto shi.

Injiniya ya sauko daga tsani ya fara tattara kayansa.

"Bari in ba ku wuri. Amma Alhaji, akwai magana ɗaya, in ban faɗa ba ba zan ji daɗin aikina ba."

"Ka bari sai anjima."

"Faɗi, Injiniya," in ji Sista.

Dattijon ya je bakin ƙofa ya turo ta ciki yadda za su ga bayanta. Can sama, ta wajen korido, wata sabuwar sakata ce ta ƙarfe, kaurinta ya kai yatsa.

"Tun ɗazu nake kallonta. Ƙararrawar nan tashin mutum take yi, ba ta buɗe ƙofa. In na sa muku goma a ɗakin nan, kuma ana kulle mai ɗakin ta waje, to na taimaka mata ne kawai ta farka ta ga abin da zai ci ta. Ni dai na faɗa."

Ya ɗauki jakarsa ya fita, ya ja musu ƙofar korido.

Sista ta miƙe. Ta je ta taɓa sakatar, ta zura ta, ta zare. Tana tafiya sumul, alamar ana amfani da ita.

"Kai ka sa wannan?"

"A'a."

"Wa ya sa?"

"Abba."

"Kuma ka sani."

"Ya ce tana fita ba ta san inda za ta ba. Ya ce in zai je wani wuri yakan rufe ta na ɗan lokaci don kar ta ɓace. Me kike so in ce wa Abba? In ce ƙarya yake?"

"Ranar gobarar a kulle take?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Sista ta dawo ta ɗaga hannayen Umma biyu ta nuna masa gefensu.

"Dubi nan. Wannan ba ƙuna ba ce. Wannan tabon dukan ƙofa ne. Dubi faratanta, uku sun karye. Ta yi ta bugawa har hannunta ya fashe, Yaya. Ina Abba yake a lokacin?"

"Ya fita."

"Kai ka gan shi ya fita?"

"Umma ce ta ce."

"Gas ɗin da aka bari a kunne, ka gani da idonka?"

"Abba ne ya gaya min."

"Tabaran a firij?"

"Abba."

"Fitar da take yi ta ɓace, wa ya taɓa tsinto ta? Wane maƙwabci? A wane layi?"



"Me kike so ki ce ne? Abba ne zai cuci Umma? Ki ji tsoron Allah, Sista."

"Ban ce ba."

Ita ma ta kasa yarda. Abbansu, tsohon malamin lissafi, mutumin da ko tsawa bai taɓa yi wa Umma a gabansu ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Ta zauna kusa da Umma, ta fara wanke ciwon, ta sassauta murya kamar hira suke.

"Af, Umma, na ma manta ban taho wa Abba da maganin hawan jininsa ba. Ko ya ƙare?"

"Saura ƙwaya goma sha ɗaya a farin, ƙaramin kuma bakwai, don shi rabi yake sha da yamma. Ran sha takwas ga wata za mu koma, ƙarfe tara likitan ya ce, kuma kar ya ci komai kafin..."

Ta tsaya.

Sista ba ta ɗago ba, ta ci gaba da shafa magani.

"Ka ji mai mantuwa, Yaya."

"Wannan ai... wani lokacin sukan tuna wasu abubuwan."

"Haka ne. To tuna min wannan. Yaushe rabon Umma da riƙe dutsen guga?"

Ta ba da amsar da kanta.

"Tun da aka yi mata aiki a kafaɗa. Shekara shida. Kayanta mai wanki ke gogewa. Mutum ɗaya ne a gidan nan da bai taɓa yarda wani ya goge masa riga ba, tun muna yara, wai kowa ɓata masa karin hannu yake."

"Auta," in ji Umma. "Ya isa."

"Bai isa ba, Umma."

"Na ce ya isa!"

Tsawar ta fito da ƙarfi, amma ƙarshenta ya karye. Umma ta dubi ƙofa, ta dubi taga, kamar bango zai kai rahoto. Sai kafaɗunta suka sauka.

"Rufe ƙofar nan," ta ce wa Yaya.

Ya rufe.

"Soket ɗin ɗakinsa ne ya lalace. Ya shigo nan da rigarsa ya shimfiɗa a kan gadona, ni ina banɗaki. Da na fito ba ya nan, katifa na ci. Na fizgo dutsen da hannuna, shi ne wannan. Na nufi ƙofa, na ji ta gam."

"Ya fita ya bar ki?" in ji Yaya.

"Bai fita ba. Yana tsaye a bayan ƙofar. Ina jin numfashinsa."

"Innalillahi..."

"Na ce, Malam, buɗe, ni ce. Na kira shi da sunan da ba wanda ya san ina kiransa da shi. Ka san me ya ce min?" Ta share ido da gefen hijabi. "Ya ce, baiwar Allah, ki yi haƙuri, matata ba ta nan. Ki jira ta dawo ta ga wadda ke shigar mata ɗaki."

Sista ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Tun yaushe, Umma?"

"An fi shekara. Da farko ƙananan abubuwa ne. Ya ajiye abu ya neme shi ya rasa, ya ce ni ce. Sai in ce e, ni ce, don in na musa kuka yake yi. Kun taɓa ganin babanku yana kuka? Ni na gani. Daga baya ya fara ganin baƙuwa a ɗakin nan, shi ne ya sa sakata. Yana rufewa, in ya dawo hayyacinsa ya ga sakata a zure, sai ya ba kansa labarin da zai iya ɗauka, wai ni ce ke ɓacewa. Ba ƙarya yake yi maka ba. Shi a wurinsa gaskiya ce."

"Amma jiya ma mun yi hira da shi," in ji Yaya. "Lafiya lau. Har lissafin 'yan biyuna ya duba musu."

"Lissafi ai a jininsa yake. Da safe garau yake tashi, sai rana ta take yake rikicewa. Ya tambaye ni ina Innarsa, yau shekara ashirin da biyu da binne ta. Ya ce in haɗa masa kaya zai koma gida, yana nufin gidan da aka haife shi, tafiyar yini guda, gidan da ko tubalinsa babu yanzu."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" Sista ta ce. "Umma, ni fa aikina ke nan. Akwai magani, akwai dabaru."

"In faɗa ku yi yaya? Ku fara yi masa magana da ƙarfi kamar kurma? Ku riƙa kallon juna in ya buɗe baki? Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar gaban allo, har yau manyan mutane na durƙusa masa a hanya. Ni tsohuwa ce, in an ce na rikice ba wanda zai yi mamaki. Shi kuwa in ya san kun sani, ba zai ƙara wata uku ba. Na san mijina."

"Ya kusa ƙona ki da ranki."

"Ba shi ba ne. Ciwon ne."

"Ciwon zai sake."

"Ai shi ya sa da yayanki ya ce zai sa ƙararrawa ban hana ba." Ta kama hannun Sista da na hagunta. "Ki lallaɓa mutumin nan ya sa ɗaya a ɗakin babanku. Can ne nake tsoro. Ni ban san yadda zan ce a sa ba tare da na tona shi ba."

Sista ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan sabon bandejin da take naɗawa.

"Za a sa. Sakatar nan kuma yau za a cire ta. Ashana, gas, dutsen guga, duk za mu san yadda za mu yi. Allah Ya sa ma makullin motar ya ɓata."

"Bai ɓata ba," in ji Umma. "Yana cikin tsohuwar jakata a ƙasan sif. Ni na ɓoye. Ranar da ya ɗauke ni za mu asibiti ya yi ta zagaya shataletale ɗaya har sau shida, yana tambayata wace hanya ce ta gidan Inna, ranar na rantse ba zai ƙara riƙe sitiyari ba ina raye."

Wani abu ya faɗi ƙasa.

Kwalin da Yaya ya sake ɗauka ne ya suɓuce daga hannunsa. Ƙararrawa biyu suka gangaro, ɗaya ta shige ƙarƙashin gado.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

Sista ta duba agogon hannunta.

"Uku saura kwata. Lafiya?"

"Ƙarfe ɗaya ake tashinsu."

"Su wa?"

"'Yan biyu. Mamansu na wurin aiki. Ni kuma na ce zan tsaya a kan aikin Injiniya. Abba ya same ni a waje ya ce in kawo ya ɗauko min su, ya gaji da zama."

Umma ta miƙe tsaye.

"Ba wurin mai jarida ya je ba? Ce min ya yi wurin mai jarida za shi!"

"Makullin motata na ba shi, Umma."

"Makarantar minti nawa ce daga nan?" in ji Sista.

"Goma."

Ya zaro waya. Ya kira Abba. Daga can ɗakin da ke ƙarshen korido suka ji wayar tana ringi, tana ringi, har ta katse.

"Kira makarantar!"

Ya kira malamar ajinsu, ya sa a sifika. Bugu ɗaya, biyu, uku.

"Salamu alaikum, Baban 'yan biyu, ina wuni?"

"Malama, yaran... suna nan?"

"A'a, ai tuni. Kakansu ya zo tun sha biyu da rabi, kafin ma a tashi. Dattijon kirki wallahi, har ya gyara min wani lissafi a allo." Ta yi 'yar dariya. "Ya ce in yi haƙuri in sallame su da wuri, hanya ce mai nisa a gabansu, yana so su isa kafin duhu. Wai zai kai su su gaida mahaifiyarsa."